Hannun Dama da Aljihun Hagu

Ran Salla, in mutum ya tsaya bakin filin Idi a nan Dutsi, ko kuwa ya tafi Daura kallon hawa, ya dubi manyan rigunan da dattawa suka sa, zai ga wani abu wanda ido ya saba da shi har ya daina lura. Aikin riga duk ya taru ne a gefe guda. Aljihu yana bisa ƙirjin hagu, asake suna hagu, aikin kuma ya haye kafaɗar hagu ya gangara baya. Dama kuwa ba a bar mata kome ba sai tambari ɗaya tak, kamar dai don kada ta yi fushi. To, mu da mu ke girmama dama a kowane sha'ani, me ya sa muka ba hagu adon riga?

Masaƙi dai ba ruwansa da wannan magana. Yana zaune ne yana taka allira, ƙoshiya ta fita dama ta komo hagu, har zaren ya ƙare. Ƙwaryar da ya ke saƙawa faɗinta bai fi yatsa huɗu ba, ta turkudi ma da ƙyar ta kan kai yatsa guda, amma kowace bakinta biyu rufaffu ne, babu wanda ya fi wani. Sai an kai wa maɗinki, ya harhaɗa ƙore, ya fid da wuya, sa'an nan tufa ta ke samun gaba da baya, da dama da hagu. Daga nan shawara ta ke farawa.

Sana'ar nan tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Baturen nan Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarimu, ya sauka Katsina ya wuce Kano a farkon 1851, ya kuwa yi mamakin yadda tufafin Kano su ke kai wa har Murzuk da Gat da Tarabulus. Ya ƙiyasta abin da a ke kai wa Tambutu kaɗai ya kai kayan raƙumi 300 a shekara. Amma abin da ya ɗaukaka riga mai aiki shi ne mulkin da ya biyo bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo na 1804. Garuruwa da yawa suka koma ƙarƙashin tuta ɗaya, hanyoyin fatauci suka buɗe, riga ta zama abin da sarki ya ke ba wanda ya naɗa, da manzon da aka aiko masa, da malamin da ya yi masa addu'a. Nufawa a Bida, da mutanen Ilori, da Zazzagawa, da Kanawa, duk suka shiga ɗinkinta. Wasu da zaren tsamiya, watau silikin da a ke samu daga gidan wata tsutsa a daji, wasu da alharinin da Larabawa su ke kawowa ta hamada. Ko da ya ke hannu ya bambanta, zane bai bambanta ba. Aska biyu ce, ko aska takwas mai gida biyar, rigar Bida da ta Kano duk aljihunsu yana hagu.

Dalili kuwa ba ya da nisa. Mai karatu, in kana sanye da babbar riga, gwada sa hannunka na dama cikin aljihun da ke ƙirjin dama. Sai ka lanƙwasa gwiwar hannu kamar fiffiken kaza, ga kuma hannun riga da ka naɗe bisa kafaɗa yana zubowa. Amma ka miƙa shi ƙirjin hagu, ya faɗa ciki ke nan ba wahala. Me a ke zubawa cikin aljihu? Goro, da kuɗi, da tasbaha, da wasiƙa, wani ma har da 'yar takardar addu'a. Duk abubuwa ne waɗanda ba a karɓa ko a miƙa da hagu. Yaron da ya karanta Risala ya san ladabin ci da sha da dama, wanda bai karanta ba kuwa uwarsa ta riga ta koya masa da ranƙwashi. Ashe ba hagu aka girmama ba, dama aka yi wa hidima. Haka takobi ya ke rataye a hagu don dama ta zare shi.

Sa'an nan wuyan riga da bakin aljihu su ne wuraren da su ke fara yagewa, gama nan hannu ya ke ja kullum. Ɗinki mai yawa shi ya ke riƙe su. A ganina aiki ya bi aljihu ne, aljihu kuma ya bi hannu, daga baya masu hikima suka mai da abin ƙarfafawa ya zama abin ado.

Zanen kuwa aikin malamai ne tun asali. Da alƙalamin kara da tawadar da a ke rubuta allo su ke zana shi bisa tufa, kana a ba almajirai su bi da allura, su sami na abinci. Riga mai kyau ta kan ci wata biyu ko uku, wata ma fiye. Nan fa haɗarin ya ke, ni kaina kuwa ya taɓa ci na. Na sayi saƙi mai kyau da zaren tsamiya, na kai wa wani malami, sai tafiya ta kama shi, ya bar wa wani almajirinsa sabon hannu, ya ce masa, "Ka zana aska takwas a hagu." Yaro ya shimfiɗa riga gabansa, ya zana a hagunsa shi mai kallo, alhali kuwa hagun mai kallo daman mai sawa ce. Ya yi wata uku yana aiki, aiki kuwa ya yi kyau, ba na ɓoye masa wannan. Sai ran da na zura ta, na kai hannu neman aljihu, na ji ƙirji fayau. Ba dama a warware, don allura ta riga ta huhhuda tufar. Da na kai ta kasuwar Mai'aduwa, wani dillali ya jujjuya ta ya ce, "Malam, sai dai mu nemo mata bahago." Ban ce masa kome ba, amma na san ko bahago a cikin mutane da dama ya ke miƙa goro. Abin da aka ba ni bai kai kuɗin zaren ba.

Kada a ce mu kaɗai mu ke da irin wannan shawara. A ƙasashen Turai akwai wata saƙa ta hannu wadda mata su ke yi tun ƙarni na 16, ita ce asalin sunan leshi. Ba masaƙa a ke kafa mata ba. Mace ta kan ɗora matashi mai tauri bisa cinya, ta manna masa takarda mai huji-huji wadda ke nuna zane, ta kakkafa allurai masu kai, sa'an nan ta yi ta sarƙa zare da kwarkwaro masu yawa har ado ya fito. An buga littafin zanenta a Banis ta ƙasar Italiya tun 1557. In za a yi wadda a ke ɗinka wa bakin tufa, gefe ɗaya ya kan zama miƙaƙƙe, shi ne a ke haɗawa da tufar, suna ce masa ƙafa. Ɗayan kuma mai lanƙwashe-lanƙwashe, suna ce masa kai. To, matan Ingila sun saba sa ƙafa a damansu, su Faransa da Baljiyam da Jamus kuwa a hagu. Mai koyo in ta sami zanen wata ƙasa, ko dai ta kife takardar ta bi ta a juye kamar mai duba madubi, ko kuwa ta sake koya wa hannunta. Kowane tsuntsu dai kukan gidansu ya ke yi. Amma akwai bambanci tsakaninsu da mu. Su da zarar an cire saƙar daga matashi, sai a juya ta kai ya koma ƙasa, ƙafar dama ta zama ta hagu, mai saye ba ruwansa. Wahalarsu ta tsaya ga mai yi. Riga kuwa wuyanta ɗaya ne, ba ta juyuwa.

Ingila da Faransa ɗin nan sun taɓa raba mu ta wannan fuska a kan hanya ma. Motocin Nijeriya suna bin hagu, na Nijar da ke nan arewa da mu suna bin dama, direban da ya ƙetare iyaka sai ya sake hannu. Sai ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta koma dama.

Riga ita ma ta ga sauyi. Keken aiki ya shigo, yana gama cikin kwana biyu abin da allura ta ke yi a wata uku. Shadda ta ture saƙi. Samari suka koma ga kaftani mai aljihu a kowane kwiɓi, aikinsa kuwa ya sauko tsakiyar ƙirji, dama da hagu daidai wa daida, har wasu manyan rigunan ma yanzu haka a ke yi musu. A birnin Zariya, daga wajen shekarun 1970, mata suka shiga ɗinkin hannu wanda a da maza kaɗai aka sani da shi, su ma kuwa in aska takwas za su yi, hagu su ke sa ta, yadda aka zana musu. Ni dai tun daga rigar nan ban ƙara ce wa maɗinki dama ko hagu ba. Na kan ɗaga hannuna in dafa ƙirjina a gabansa, in ce, "Nan."