Mariama Bâ da matar da miji ya juya wa baya

Mariama Bâ, malamar makaranta 'yar ƙasar Senegal, an haife ta a Dakar a 1929, ta rasu a 1981. Littafinta na farko, Une si longue lettre, ya fito a 1979, ya kuma lashe kyautar Noma a 1980. Doguwar wasiƙa ce da Ramatoulaye ke rubuta wa ƙawarta Aïssatou tana cikin takabar mijinta, Modou Fall.

Abin da ya fi ciwo a labarin shi ne yadda aka yi mata kishiyar. Bayan shekara 25 da aure da haihuwa goma sha biyu, Modou ya auri Binetou, ƙawar 'yarsu Daba. Bai iya faɗa wa uwargida da bakinsa ba, sai da aka ɗaura aure sannan liman da wansa Tamsir da abokinsa Mawdo suka zo sanar da ita. Daga nan ya ɗauke ƙafa daga gidan. Bai sake ta ba, bai kuma raba kwana ba, ya bar mata ɗawainiyar yara. Bâ ta nuna cewa ko adalcin da addini ya shardanta tsakanin mata bai yi ba.

Aïssatou kuwa uwar miji ce ta ƙi ta, don 'yar maƙeran zinariya ce, alhali dangin mijinta, Mawdo, jinin sarauta ne. Da aka aura masa wata yarinya daga dangi, sai ta kwashi 'ya'yanta maza huɗu ta fita, ta koma karatu, ta samu aiki a ofishin jakadancin Senegal a Amurka. Ramatoulaye ta zauna, amma da Tamsir ya nemi aurenta ranar sadakar arba'in ta ƙi shi a gaban mutane. Marubuciyar ba ta ce ɗaya ta fi ɗaya gaskiya ba, kuma wannan ya ƙara wa littafin nauyi.

Jigon bai tsaya a Dakar ba. A Kano, Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, labarin Rabi da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya. A Maroua ta Kamaru, Djaïli Amadou Amal ta gina Les Impatientes kan kalmar Fulatanci munyal, wato haƙurin da ake ta ba mace. Ɗaliban sakandaren Faransa suka ba shi kyautar Goncourt tasu a 2020.