Gadon Henrietta Garrett: Dukiya ɗaya, masu da'awa 26,000

A watan Nuwamba na 1930 wata tsohuwa mai suna Henrietta Garrett ta rasu a birnin Filadelfiya na Amurka. Ba ɗa ba jika, mijinta Walter kuma ya riga ta tun 1915. Ta bar dala miliyan 17, dukiyar da gidan mijin ya tara a sana'ar garin taba. Takardar da aka samu bayanta dala 62,500 kacal ta raba, sauran ba ta ce uffan a kansu ba.

Lokacin kuwa tattalin arzikin duniya ya karye, talauci ya yi katutu. Labari na bazuwa sai 'yan'uwa suka fara tsirowa ta ko'ina. Sunan gidan mahaifinta Schaefer, asalinsu Jamusawa, don haka duk mai suna makamancin wannan ya ɗauki alƙalami. Masu da'awa suka haura 26,000, daga jihohin Amurka da ƙetare. Wani ya ce shi ɗanta ne da ta haifa a ɓoye kafin aure, har da shaidar rubutu a littafin Baibul na iyali. Bincike ya nuna jabu ne, maganar ta ƙare a kurkuku. A 1937 sai da aka tono kabarinta, don ana raɗe-raɗin an binne ta da wasiyya. Ba a sami komai ba.

Abin da ya warware kullin shi ne bin salsala takarda bayan takarda: rajistar coci-coci ta haihuwa da aure a Jamus da Amurka, da sauraron masu da'awa ɗaya bayan ɗaya. Tambayar kotu guda ce, wa ya fi kusa da ita cikin waɗanda ke raye ranar da ta rasu?

Amsa ta fito a 1951. Mutum uku ne: biyu 'yan gidan Kretschmar, dangin mahaifiyarta, ɗaya Schaefer mazaunin Jamus, ta wajen uba. Dukkansu sun mutu kafin hukunci, sai na bayansu. Rabon Bajamushen ma gwamnatin Amurka ta riƙe, saboda Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da shi dukiyar abokan gaba.

Shari'ar ta ci shekara sama da 20, lauyoyi da haraji suka kwashi kaso mai tsoka. Wasiyya cikakkiya mai shaidu, da ta rubuta ta, da babu ko ɗaya cikin wannan wahala.