Asalin Kujerar Kansila a Ƙasar Karofi

Ku 'yan makaranta, wanda duk ya taɓa ganin lokacin zaɓe a Karofi ya san yadda akan yi. Sai a wayi gari a ga an manna hoton wani mutum a bangon shaguna da jikin bishiyoyi, a ce wai yana neman kansila. Ba baƙo ba ne, an san gidansu, an san gonarsu, watakila ma shi ya koya wa waninku karatu. To, wannan kujera da yake nema ita ce mafi ƙanƙanta a cikin kujerun mulkin Nijeriya, amma ita ce ta fi kusa da ƙofar gidan talaka. Ba kuwa gadonta aka yi daga kakanni ba. Tana da mafari, mafarin nan kuwa haraji ne.

A cikin 1903 Turawa suka ci Katsina, a 1906 suka fitar da Sarki Yero suka naɗa Muhammadu Dikko. Ba su rushe sarautar da suka tarar ba, sai suka gyara ta yadda za ta yi musu aiki. Aka yanka ƙasa gunduma gunduma, aka ce ko wane hakimi ya bar birni ya je ya zauna cikin talakawansa. Yandaka ne ke riƙe da Dutsin-Ma, Maraɗi kuwa ke riƙe da Kurfi. A ƙarƙashin hakimi akwai dagatai, a ƙarƙashin dagaci akwai masu unguwa. In kaka ta yi, mai unguwa ya tattara haraji ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya aika Baitulmali a Katsina. Makiyayi kuma ya biya jangalin shanunsa. Kuɗi suna hawa sama, umurni yana saukowa ƙasa. Wanda ya biya kuwa ba shi da inda zai tsaya ya tambaya me aka yi da sulallansa. Wannan tsari shi ake kira En'e.

Ran 19 ga Agusta 1950 wani malamin makaranta na Bauci, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Kaduna ya nemi a binciki mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ya sami bakin magana. A cikin watan nan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Gwamnati ta sa Turawa biyu, Maddocks da Pott, suka zaga larduna suka rubuto abin da suka gani. A 1952 aka soke ikon Sarki shi kaɗai, aka ce sai da majalisarsa, a 1954 kuma aka yi sabuwar Dokar En'e. A wannan zamani, Usman Nagogo na gadon Katsina, majalisun ƙauye da na gunduma suka yi ƙarfi. Akan ware wa majalisar gunduma wani ɗan kaso daga haraji, ta zauna ta ga ko rijiya za a haƙa, ko rumfunan kasuwa za a gina, ko kwalbati. Hakimi ne shugaba, dagatai suna zaune, amma ga waɗansu talakawa a gefe waɗanda jama'a ta fitar. Waɗannan su ne kakannin kansilolin yau.

Kada ku zaci zaɓen wancan lokaci irin na yanzu ne. Ba akwati, ba takarda. Sai a tara magidanta masu biyan haraji a fili, a ce su nuna wanda suke so, a ɗaga hannu ko a tsaya bayan mutum, dagaci yana kallo. Ku duba fa, wa zai tsaya bayan wanda dagaci ba ya so, alhali gobe dagacin nan ne zai yanka masa haraji? Akwai waɗanda suka tsaya ɗin, suka kuwa ɗanɗana kuɗarsu. Zaɓen Majalisar Kaduna na 1951 ma hawa hawa aka yi shi, daga ƙauye zuwa gunduma har a kai ga lardi, a hawan ƙarshe kuma En'e tana da ikon ƙara mutanenta ɗaya bisa goma. Sai a zaɓen 12 ga Disamba 1959 mutumin ƙauye ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya tarar da akwatuna, wannan da alamar fartanya ta NPC, wancan da tauraron NEPU, ya jefa takardarsa inda ransa ya so. Mata kuwa ba su cikin lissafi, sai a 1976 aka ba matan Arewa wannan 'yanci.

Soja suka karɓi mulki a 1966, suka hana jam'iyyu, a cikin 'yan shekarun da suka biyo baya kuma suka raba En'e da 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari. A 1976, zamanin Janar Obasanjo da mataimakinsa Shehu Musa 'Yar'aduwa, mutumin Katsina, aka kawo tsarin ƙananan hukumomi iri ɗaya a ƙasa duka, guda 301. Aka raba ƙasar Katsina da Daura bakwai, watau Katsina, Daura, Mani, Kankiya, Dutsin-Ma, Malumfashi da Funtuwa. A Disamba na shekarar aka yi zaɓe ba da jam'iyya ba. Daga nan hakimi ya sauka daga kujerar shugabanci, ciyaman ya hau. Abin sha'awa, Sakataren hukumar da ta shirya babban zaɓen 1979 ɗan wannan yanki ne, Alhaji Ahmadu Kurfi, wanda daga baya aka naɗa shi Maraɗin Katsina, ya rubuta littattafai kuma a kan sha'anin zaɓe.

A 1979 ɗin nan ne Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, lokacin kuwa Karofi tana cikinta. Talakawa sun yi murna, sun kuwa cancanci yin ta, domin an sha wuya a kan haraji, har akwai masu barin gari saboda shi. Amma wani abu ya biyo baya wanda ba kowa ya lura da shi ba. Da can kuɗin majalisa daga aljihun manomi suke fitowa, yana jin zafinsu, yana da dalilin tambaya. Bayan wannan kuwa mafi yawan kuɗin ƙaramar hukuma daga asusun Tarayya suke zuwa, galibi na man fetur, su biyo ta hannun jiha. Mai neman kansila sai ya ga abin da zai yi aiki da shi daga sama yake saukowa, hankalinsa kuwa sai ya karkata can. A ganina babu abin da ya sake halin kujerar nan kamar wannan.

Ran 23 ga Satumba 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ƙananan hukumominta suka yi ta ƙaruwa har suka kai 34 a 1996, Kurfi ta zama mai cin gashin kanta. A Disamba 1987 an yi zaɓen kansiloli ba jam'iyya, a Disamba 1990 kuma aka yi tsakanin SDP da NRC, aka koma bin layi a fili kamar zamanin dagatai. Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma tana da mazaɓu 11, biyu daga ciki na Karofi ne, Karofi A da Karofi B, ko wace da kansilanta. Tsarin Mulki na 1999 ya lasafta ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, hanyoyin cikin gari, kwashe shara, rubuta haihuwa da mutuwa, da taimakawa wajen makarantun firamare da ɗakunan shan magani. Sai dai mutum ba ya tsayawa don kansa, sai jam'iyya ta tsayar da shi. Saboda haka tun kafin ya fara zaga majalisun dattawa da wuraren suna da ta'aziyya, sai ya ga manyan jam'iyya tukuna, wanda ya sami tutar jam'iyyar da ke mulkin jiha kuwa yawanci ya yi rabin tafiya. Hukumar da ke shirya zaɓen ma gwamnan jiha ne ke naɗa mutanenta.

Kujerar takan zauna ba kowa a kanta shekara da shekaru. A 2015 gwamnatin Jihar Katsina ta rushe majalisun da aka zaɓa a 2014, aka tafi shari'a, a 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka. Ba a sāke zaɓen kansiloli a jihar ba sai a 2022, watau yaron da ya shiga aji ɗaya a shekarar rushewa ya gama firamare bai ga an zaɓi kansila a garinsu ba. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta sāke yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kada kuma a ba majalisar da ba zaɓaɓɓiya ba ko kwabo. Bayan hukuncin nan, a Fabrairu 2025, mutanen Karofi A da Karofi B suka sāke fita zaɓen kansila.