Musabbabin Sankarar Bakin Mahaifa da Abubuwan da ke Ƙara Haɗarin Kamuwa da Ita

Tsakure

Sankarar bakin mahaifa na cikin cututtukan daji ƙalilan da aka tabbatar da musabbabinsu, wato daɗewar ƙwayar cutar HPV a bakin mahaifa. Wannan maƙala ta bayyana yadda ƙwayar ke yin ɓarna, sannan ta kasa abubuwan haɗari gida uku: masu haɗa mace da ƙwayar, masu hana jiki kawar da ita, da masu jinkirta gano cutar.

1.0 Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 mata kimanin 660,000 ne suka kamu da wannan cuta, kimanin 350,000 kuma suka rasu, kashi 94 cikin ɗari na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. A Najeriya ita ce ta biyu a yawa tsakanin mata, bayan sankarar mama.

2.0 Musabbabi

Tun a 1842 wani likitan Italiya, Rigoni-Stern, ya lura cewa da wuya a ga sankarar mahaifa a jikin matan coci da suka ƙaurace wa aure. Sai a 1983 da 1984 Harald zur Hausen na Jamus da abokan aikinsa suka gano HPV nau'i na 16 da na 18 a tsokar masu cutar, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2008. Nau'o'in HPV sun haura 200, amma waɗannan biyun su ke haddasa kusan kashi 70 cikin ɗari na sankarar.

Ƙwayar tana yaɗuwa ta hanyar saduwa, tana kuma samun mafaka a mahaɗar fatar waje da ta ciki ta bakin mahaifa. A can take samar da furotin biyu, E6 da E7, masu gurgunta p53 da pRb, wato masu tsawata wa ƙwayoyin halitta kada su hayayyafa barkatai. Duk da haka, kusan tara cikin goma na waɗanda suka kamu, garkuwar jikinsu kan kawar da ƙwayar cikin shekara biyu. Inda ta yi zaman dirshan ne ake samun sauyi, wanda kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya rikiɗe ya zama sankara.

3.0 Abubuwan Haɗari

3.1 Masu haɗa mace da ƙwayar

Fara saduwa da ƙuruciya na kan gaba, domin a shekarun balaga mahaɗar nan tana fili, ba ta gama ƙwari ba. Wannan ya shafi yankunan da ake aurar da yara da wuri, kamar Jamhuriyar Nijar, inda kusan kashi uku cikin huɗu na 'yan mata ke aure kafin shekara 18. Yawan abokan saduwa ma yana ƙara haɗarin, kuma ba tarihin macen kaɗai ake dubawa ba: wadda ba ta san kowa ba sai mijinta tana iya ɗauka daga gare shi, haka kuma ƙwayar kan ratsa tsakanin kishiyoyi. An lura cewa mazan da aka yi wa kaciya ba su kai marasa kaciya ɗaukar ƙwayar ba.

3.2 Masu hana jiki kawar da ita

Raunin garkuwar jiki shi ne mafi muni. Mace mai ɗauke da HIV ta ninka wadda ba ta da ita har sau shida wajen yiwuwar kamuwa da sankarar, kuma shekara 5 zuwa 10 sun isa cutar ta bayyana. Shan taba yana kusan ninka haɗarin, don an samu gubar taba a majinar bakin mahaifar mashaya. Yawan haihuwa da ɗaukar cikin fari da ƙananan shekaru su ma suna da tasiri. Shan ƙwayar tazarar haihuwa fiye da shekara 5 yana ɗan ƙara haɗarin, amma yakan ragu bayan an daina, har ya koma daidai bayan kimanin shekara 10.

3.3 Masu jinkirta gano cutar

Matakin farko ba ya zuwa da ciwo ko wata alama. Gwaji ne kaɗai ke nuna shi, ko na Pap, ko na ruwan asid mai rauni da ake shafawa a duba, ko na HPV kanta. Talauci, nisan asibiti da kunyar awon al'aura kan sa mace ta jira har sai ta ga jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar haila, ko ruwa mai wari, alhali a lokacin cutar ta riga ta yi nisa.

4.0 Kammalawa

HPV ce tushen cutar, amma ita kaɗai ba ta isa ba sai ta samu abin da zai ba ta damar daɗewa. Kan wannan fahimta aka gina shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2020: zuwa 2030 a yi wa kashi 90 na 'yan mata rigakafin HPV kafin shekara 15, a yi wa kashi 70 na mata gwaji, a kuma yi wa kashi 90 na masu cutar magani. Najeriya ta fara rigakafin ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoban 2023. Matan da suka wuce waɗannan shekaru kuwa, gwaji a kan lokaci shi ne babbar kariyarsu.