Bala Miller

Bala Miller (1928 – 2003) mawaƙi ne kuma shugaban ƙungiyar makaɗa ɗan Najeriya. An san shi da shigar da harshen Hausa cikin kiɗan hailaif, wato kiɗan rawa na zamani da ake yi da jita da ganguna da kayan busa irin na kiɗan jaz.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a shekarar 1928 a garin Pankshin da ke Jihar Filato ta yanzu. Mahaifinsa mutumin Zariya ne, limamin coci, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi addinin Kirista. Bala ya fara sha'awar kiɗa ne tun yana yaro, lokacin da aka tura mahaifinsa aiki Lokoja. Ya yi karatun sakandare a makarantar CMS Grammar School da ke Legas, inda ya shiga ƙungiyar makaɗan makarantar.

Sana'a

Bayan ya gama makaranta ya yi aiki a kamfanoni, yana taɓa kiɗa a gefe. A wancan zamani hailaif ne ke tashe a gidajen rawa na Legas, kuma ya yi hulɗa da manyan makaɗansa irin su Victor Olaiya. Daga baya gwamnan Jihar Kano, Audu Bako, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya nemi ya taimaka wajen kafa makarantar koyar da kiɗa a Kano.

A shekarar 1977, shekarar da aka yi bikin al'adu na FESTAC a Legas, ya kafa ƙungiyarsa mai suna Great Music Pirameeds of Afrika, wadda ta yi zamanta a Kaduna. A shekarun 1980 ya riƙa gabatar da shirin nishaɗi mai ɗauke da sunansa a gidan talabijin na NTA.

Salon kiɗa

A lokacin da ya fito, waƙar Hausa da aka sani ita ce ta kayan gargajiya: kalangun Mamman Shata, kuntigin Ɗan Maraya Jos, da kotso da taushin makaɗan fada. Hailaif kuwa yawanci da Yarbanci ko Ibo ko Turancin buroka ake rera shi. Bala Miller ya haɗa biyun. Ya tara makaɗa masu yawa a dandamali ɗaya, masu busa na amsa wa juna, waƙa kuma na tafiya da Hausa.

Waƙarsa da ta fi shahara ita ce "Ikon Allah". A shekarar 2001 kamfanin Strut na Ingila ya saka ta cikin faifan Nigeria 70, tare da waƙoƙin Fela Kuti da Tunji Oyelana, abin da ya kai ta kunnen masu sauraro a Turai da Amurka.

Rasuwa

Ya rasu a shekarar 2003.