Tijjani na Holan: Tafiyar Suna Daga Fas Zuwa Zwolle

Tarihinmu na wannan makon na wani suna ne da kowa a cikinmu ya san mai shi, ko a gida ko a maƙwabta.

Holan ƙaramar ƙasa ce. Faɗinta bai kai ninki biyu na Jigawa ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan 20 ba. Duk da haka ta haifi mutanen da duniya ta san da su: masu zane irin su Rembrandt da Van Gogh, 'yan ƙwallo irin su Johan Cruyff da Ruud Gullit da Marco van Basten, har zuwa Virgil van Dijk na yau. Mu a nan ta hanyar kaya muka fara saninta. Iyayenmu mata sun san atamfa 'yar Holan, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond yake bugawa, masu shayi kuma sun san madarar Peak. Amma a cikin shahararrun da aka haifa a can akwai guda ɗaya da idan aka ambace shi a gidan kallo a Kaugama ko Malam Madori sai wani a cikin 'yan kallo ya waiwayo, don ya zaci shi ake kira. Shi ne Tijjani Reijnders, wanda aka haifa a garin Zwolle ranar 29 ga Yuli, 1998. Mahaifinsa Baturen Holan ne, tsohon ɗan ƙwallo, mahaifiyarsa kuma asalinta daga Indunusiya. Babu Bahaushe a danginsa. To ina ya samo sunan?

Sai mun koma baya da nisa. Shehu Ahmad Tijjani an haife shi a Ainu Madi, cikin ƙasar Aljeriya ta yau, a shekarun 1730. Ya koma birnin Fas na Maroko da zama, a can ya rasu a 1815, a can kuma kabarinsa yake. Ɗariƙar da ya kafa ta shigo Afirka ta Yamma ta hannun malamai da dama, amma wanda ya fi tasiri a ƙarni na 19 shi ne Shehu Umar Futi, mutumin Futa Toro da ke bakin kogin Sanagal. Ya je aikin Hajji, a can ya haɗu da Muhammad al-Gali, almajirin Shehu Tijjani, wanda ya ba shi halifanci. A kan hanyar dawowa ya biyo ta Barno ya sauka a Sakkwato, ya yi shekaru a wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa. Bayan rasuwar Bello a 1837 ya koma yamma, ya yi jihadinsa, ya kafa daula a yankin da yau yake cikin Mali, ya rasu a 1864.

A nan ne labarin ya karyo kwana ya nufo ƙofar gidanmu. Faransawa sun ci Segu a 1890, suka ci gaba da bin ɗansa Ahmadu gari bayan gari. Shi da jama'arsa suka yi hijira gabas, ya zo ya rasu a ƙasar Sakkwato kafin Turawan Ingila su iso. Da Ingilishi suka ci Sakkwato a 1903, wasu daga cikin waɗannan Futawa suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, inda aka yi yaƙin da ya yi shahada a watan Yuli na wannan shekarar. Waɗanda suka tsira suka rarrabu. Wasu suka ci gaba da tafiya gabas da niyyar isa Makka, wasu kuma suka samu mazauni a ƙasar Haɗeja, a Yalleman, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Kaugama. Mutanen da suka taso daga bakin kogin Sanagal, suka ratsa ta bakin Kwara, a fadamar kogin Haɗeja suka ajiye kayansu. Turawa masu bincike sun yi rubutu a kan wannan hijira da Turanci da Faransanci. Mu da muke wucewa ta garin a kan hanyar kasuwa, nawa ne a cikinmu suka taɓa zama da dattawan can da biro da takarda? Wannan abin kunya ne a gare mu, kuma dattawan ba jiranmu za su yi ba.

Ɗariƙar ta ƙara ƙarfi a Kano zamanin Sarki Abbas, sannan ta bazu sosai bayan haɗuwar Sarki Abdullahi Bayero da Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha a 1937. Daga nan sai sunan ya shiga tsarin da Bahaushe ya saba da shi na haɗa suna da laƙabin wani babban mai sunan. Kamar yadda ake ce wa Umaru Faruƙu, Abubakar Sadiƙu, Aliyu Haidar, Abdulƙadir Jilani, haka Ahmadu ya zama Tijjani. A hankali laƙabin ya tsaya da ƙafarsa, har gidajen da ba ruwansu da wazifa suka riƙa raɗa shi.

Ɗaya daga cikin yaran da aka raɗa wa shi an haife shi a Kaduna ranar 25 ga Satumba, 1973: Tijjani Babangida. Ku lura da sunansa na biyu ma, domin shi kansa darasi ne. Babangida suna ne na alkunya, wanda ake kiran yaro da shi idan ya ci sunan kakansa, saboda uwa ba za ta iya ambaton sunan surukinta ba. Ya buga wa Niger Tornadoes ta Minna, kuma a 1991 ƙungiyar Roda JC ta Holan ta ɗauke shi, ta ba da shi aro ga VVV-Venlo. A wannan shekarar ce wani Babangidan, Janar ɗin, ya ƙirƙiro mana jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta. Ba su da wata dangantaka, sai dai shekarar ta haɗa su.

Yaro daga Kaduna ba ya tashi haka kawai ya faɗa Holan. Akwai hanyar da aka riga aka share, kuma wanda ya fi kowa share ta wani haifaffen Holan ne da iyayenmu maza suka fi sani fiye da Rembrandt: Clemens Westerhof, wanda aka haifa a 1940. Ya karɓi horar da Super Eagles a 1989, a lokacin da ƙasa take cikin jimamin Samuel Okwaraji, wanda ya faɗi ya mutu a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta. A ƙasarsu ba wani babban koci ba ne. A nan ya yi suna. A gasar cin kofin Afirka ta 1990 Aljeriya ta lallasa mu da ci 5 da 1 a wasan farko, amma ya kai ƙungiyar har wasan ƙarshe, inda Aljeriyar ta sake cin mu 1 da nema. A 1992 a Sanagal muka zo na uku. A watan Oktoba na 1993 muka yi kunnen doki 1 da 1 a birnin Aljas, Finidi George ya ci mana, muka samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko a tarihi. A watan Afrilu na 1994 muka ɗauki kofin Afirka a Tunisiya bayan doke Zambiya 2 da 1, kuma a wannan watan hukumar FIFA ta sa Najeriya ta biyar a duniya. A Amurka muka ci Bulgeriya 3 da nema, Rashidi Yekini ya shiga raga ya riƙe ta yana kuka, sannan Roberto Baggio na Italiya ya fitar da mu a zagaye na biyu.

Yabon gwani ya zama dole. Westerhof ya yawata filayen wasannin cikin gida yana duba yara, ya samu kunnen manya a gwamnati, musamman mataimakin shugaban ƙasa Augustus Aikhomu, don haka jami'an hukumar ƙwallo ba su iya juya shi yadda suka saba juya na gida ba. Ya kuma taimaka wa 'yan wasa da dama samun ƙungiyoyi a Turai. Sai dai akwai wata kalma da marubutanmu suke kwafowa ba tare da tunani ba, wai shi ne ya "gano" su. Yekini ya riga ya buga wa UNTL ta Kaduna tun kafin Westerhof ya san hanyar Legas. Daniel Amokachi yana Ranchers Bees, 'yan kallon filin wasa na Ahmadu Bello sun san shi sarai. Kaduna ta wancan zamani, mai masaƙu da ƙungiyoyin ma'aikata da gasar makarantu, ita ta raini waɗannan yara, har da Celestine Babayaro da Garba Lawal. Baƙo ya zo ya tarar da amfanin gona ya nuna, ya iya girbi. Idan za mu rubuta tarihin, mu rubuta manomin tare da mai girbin.

Tijjani bai samu shiga tawagar 1994 ba, domin gefen dama na Finidi ne a lokacin. Rabonsa yana hannun wani ɗan Holan ɗin na biyu, Jo Bonfrere, wanda ya yi wa Westerhof mataimaki. Shi ya kai tawagar Najeriya gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, da Tijjani da Garba Lawal a ciki. Ana cin mu 3 da 1 muka farke wa Brazil, Nwankwo Kanu ya ƙarasa ta 4 da 3, sannan ranar 3 ga Agusta muka doke Ajantina 3 da 2 muka ɗauki lambar zinare.

A wannan shekarar Finidi ya bar Ajax ya koma Real Betis ta Sifen, Ajax kuma ta sayi Tijjani ya gaje shi. Mu tuna wace Ajax ake magana: wadda ta ɗauki kofin Zakarun Turai a 1995 a ƙarƙashin Louis van Gaal, da Finidi da Kanu a cikinta, bayan ta ci AC Milan 1 da nema a birnin Biyana. Tijjani gajere ne, ba shi da jiki, amma gudu kamar barewa. Waɗanda suka yi wasan ƙwallo na kwamfuta a wancan lokacin har yau suna ba da labarin yadda ba a kamo shi. A watan Maris na 1997, a wasan kusa da na kusa da na ƙarshe na Zakarun Turai, ya zura wa Atletico Madrid ƙwallo a gidanta ana dab da tashi daga ƙarin lokaci, Ajax ta wuce da ci 3 da 2. A kakar 1997 zuwa 1998 Ajax ta ɗauki kofin gasar Holan, tare da shi da Sunday Oliseh. A watan Yuni na 1998, a gasar cin kofin duniya ta Faransa, Garba Lawal ya bugo ƙwallon da golan Sifen Zubizarreta ya tura cikin ragarsa da hannunsa, Oliseh ya ƙara, muka ci 3 da 2. Ranar 28 ga watan Denmak ta fitar da mu da ci 4 da 1, kuma wannan ɗaya tilo Tijjani ne ya ci ta.

Wata ɗaya bayan haka aka haifi yaro a Zwolle, iyayensa suka sa masa sunan ɗan wasan Ajax ɗin da yake burge su. Ba ɗariƙa suka duba ba, ba tarihin Fas ba. Sun ga ɗan Kaduna yana gudu da ƙwallo, sunansa ya yi musu daɗi a kunne. A al'adarmu wannan yaro takwaran Tijjani Babangida ne, kuma da a nan ne da an aika wa mai suna da goro, shi kuma ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa ranar suna.

Hausawa suna cewa suna linzami. Takwaran ya taso a PEC Zwolle, ya koma AZ Alkmaar, ya daɗe bai samu gurbin dindindin ba, har aka ba da shi aro ga RKC Waalwijk. A 2023 AC Milan ta saye shi, wato ƙungiyar da Ajax ta doke a 1995. Ya buga wa Holan gasar Turai ta 2024 har wasan kusa da na ƙarshe, aka zaɓe shi gwarzon ɗan wasan tsakiya na gasar Italiya a kakar 2024 zuwa 2025, sannan Manchester City ta ɗauke shi a watan Yuni na 2025. Ƙanensa Eliano kuwa ƙasar mahaifiyarsu ya zaɓa, Indunusiya yake buga wa.

Shi ma mai sunan bai tsaya ba. A gasar kofin Afirka ta 2000, wadda Najeriya da Gana suka shirya tare, har aka buga wasu wasannin a filin Sani Abacha na Kano, Bonfrere ya dawo, Tijjani kuma ya ci Afirka ta Kudu ƙwallaye 2 a Legas ya kai mu wasan ƙarshe, inda Kamaru ta yi nasara a bugun fenariti. Hanyar Venlo ma ba ta toshe ba: a 2010 Ahmed Musa ya tashi daga Kano Pillars ya sauka a VVV ɗin da aka taɓa ba da Tijjani aro.

Akwai wani ɗan abu da zai ba masu kula da ƙa'idar rubutu sha'awa. A yawancin jaridun Turai da na kudancin Najeriya, sunan ɗan Kaduna da harafin j guda ɗaya ake rubuta shi, Tijani. Mu kuwa da nauyi muke furta shi, shi ya sa muke ninka harafin, kamar yadda muke yi a Sakkwato da Hajji da Yalleman. A harshen Holan harafin j sautin y yake bayarwa, shi ya sa Ajax ɗin ma Ayaks suke ce mata. Amma da iyayen yaron Zwolle suka je rubuta sunan ɗansu, j biyu suka sa: Tijjani Martinus Jan Reijnders.