Tarihin Farashin Wasannin Kwamfuta da Yadda Ake Rabon Kuɗinsu

Sana'ar wasannin kwamfuta ta fara ne da tsabar kuɗi. A 1972 kamfanin Atari ya ajiye akwatin wasan Pong a wata mashaya da ke garin Sunnyvale na jihar Kalifoniya a Amurka, duk mai son bugawa sai ya jefa santi 25. Kamfani yana sayar wa ɗan kasuwa akwatin, ɗan kasuwa ya girke shi a shagon wani, su raba abin da ya taru. Wannan tsari ne ya yanke irin wasan da za a ƙirƙira. Tunda kowace tsaba bugu ɗaya take saye, dole wasa ya yi sauƙin koyo, ya yi wuyar ƙwarewa, ya kuma kayar da mai bugawa cikin 'yan mintoci don ya sake laluben aljihu. Space Invaders na kamfanin Taito, wanda ya mamaye Japan a 1978 a kan yen 100, haka aka gina shi.

Da wasa ya shiga gida sai lissafi ya sauya. Na'urar Atari 2600 ta fito a 1977 a kan dala 199, kaset ɗin wasa kuwa tsakanin dala 20 zuwa 30. A lokacin mutum ɗaya ne yake rubuta wasa daga farko har ƙarshe cikin watanni kaɗan, saboda haka ribar kowane kaset mai kauri ce. Sai dai marubutan albashi kawai suke ɗauka, ba su da kaso a ciniki, ko sunansu ba a sawa a kwali. A 1979 huɗu daga cikinsu, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka lura cewa wasanninsu ne suke kawo fiye da rabin cinikin kaset na kamfanin. Suka nemi kaso, aka hana su, suka fice suka kafa Activision tare da Jim Levy. Atari ya kai su kotu, aka sasanta a 1982 a kan Activision zai riƙa biyan la'ada. Daga nan sana'ar ta rabu gida huɗu: mai na'ura, mai fitar da wasa kasuwa da jarinsa, mai ƙirƙirar wasan, da mai shago. Duk tarihin da ya biyo baya gardama ce a kan rabon kuɗi ɗaya tsakanin waɗannan huɗu.

Sasantawar ta buɗe ƙofa ga kowa. Kamfanoni barkatai suka cika shaguna da kaset marasa inganci, shi kansa Atari ya fitar da wasan E.T. wanda aka haɗa cikin mako biyar kacal don a riski kasuwar Kirsimetin 1982. Kaya suka yi kwantai. Masu shago suka nemi mayar da su, ƙananan kamfanoni ba su da kuɗin biya, suka durƙushe, aka zuba kayansu a kwanduna ana karyarwa a dala biyar ko ƙasa da haka. Mai wasa mai kyau ma bai tsira ba, domin uban da ya ga kaset na dala biyar ba zai ɗauki na dala talatin ba. Cinikin wasannin gida a Amurka ya faɗo daga kimanin dala biliyan 3.2 a 1983 zuwa kimanin miliyan 100 a 1985. Atari ya yi asarar fiye da dala miliyan 500 a 1983 kaɗai, ya binne dubban ɗaruruwan kaset a juji a Alamogordo, inda aka tono wasu a 2014.

Nintendo na Japan, ƙarƙashin Hiroshi Yamauchi, ya ɗauki darasin da ƙarfi. Da ya kai na'urarsa ta NES Amurka a 1985, ya sa mata makulli na lantarki, babu kaset ɗin da zai yi aiki sai da izininsa. Kowane mai fitarwa wasa biyar kawai zai fitar a shekara, Nintendo ne zai ƙera masa kaset, kuma zai biya kafin a ƙera. Konami har wani kamfani ya buɗe da sunan Ultra Games don ya sami ƙarin guraben biyar. Tsarin ya tsare farashi a wajen dala 40 zuwa 50, ya kuma dawo da amincewar iyaye, amma kasadar duka ta koma kan mai fitarwa. In ya yi odar kaset da yawa wasa bai karɓu ba, jarinsa ya kwanta a sito. In ya yi kaɗan wasa ya karɓu, sai ya jira watanni kafin wani kaya ya iso, lokacin kasuwa ta wuce. Nintendo kuwa ya riga ya karɓi nasa ko an sayar ko ba a sayar ba.

Inda babu mai makulli, farashi ya bi wata hanya. A Birtaniya ana naɗar wasannin ƙananan kwamfutoci irin ZX Spectrum a kaset na rediyo, wanda kowa zai iya kwafa a gida. Mastertronic ya fara sayar da wasa a fam 1.99 a 1984, a shagunan jarida da gidajen mai, Codemasters ya bi sahu a 1986. Marubutan galibi samari ne da ke aiki a ɗakunansu, suna samun 'yan kwabbai a kan kowane kaset, yawan ciniki ne yake tara musu abin kirki. A Amurka kuma id Software ya raba kashin farko na Doom kyauta a Disamba 1993, mai son sauran ya aika dala 40 kai tsaye, ba shago ba dillali.

Faifan CD ne ya karya ikon Nintendo. Kaset na zamanin Super Nintendo da Nintendo 64 yakan kai dala 60 zuwa 70 a shago, Virtua Racing na Sega ma dala 100 aka sa masa a 1994, domin kayan lantarkin da ke cikin kaset suna cinye babban kaso. Faifai kuwa dala ɗaya ko biyu ake buga shi, kuma ana iya ƙaro wani cikin kwanaki. Da PlayStation na Sony ya iso Amurka a 1995, wasanninsa suka tsaya a dala 40 zuwa 50, waɗanda suka tsufa aka sake fitar da su a kusan rabin kuɗi, mai fitarwa kuma ya fi samun riba duk da sauƙin farashin. Square, tsohon abokin Nintendo, ya kai Final Fantasy VII wurin Sony a 1997 a faifai uku.

A 2005 da 2006, da fitowar Xbox 360 da PlayStation 3, farashin babban wasa ya koma dala 60, ya kuma tsaya cak har shekara goma sha biyar. Daga cikin dala 60 ɗin, mai shago yakan ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin huɗu, mai na'ura ya karɓi la'adarsa, a cire kuɗin faifai da dako da kayan da za a dawo da su, abin da ke isa hannun mai fitarwa bai cika kai rabi ba. Mai ƙirƙira shi ne na ƙarshe a layi. Yarjejeniyar da aka saba ita ce mai fitarwa ya ba shi kafin alƙalami kashi-kashi, duk lokacin da ya kai wani mataki na aiki. In wasa ya fito, ba zai ga ko sisi na riba ba sai an cire wannan kuɗin gaba ɗaya daga ɗan kasonsa shi kaɗai, ba daga jimillar ciniki ba. Saboda haka wasa yana iya mayar wa mai fitarwa jarinsa har da riba alhali a takarda ana bin mai ƙirƙira bashi. Sau da yawa haƙƙin mallakar wasan ma na mai fitarwa ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Obsidian, wanda ya haɗa Fallout: New Vegas a 2010, an yi masa alkawarin ƙarin kuɗi in masu sharhi sun ba wasan maki 85 a shafin Metacritic. Wasan ya sami 84, ya sayu miliyoyi, ƙarin bai zo ba.

Farashi yana tsaye, kuɗin aiki yana hawa. Dala 60 ta 2005 daidai take da kusan dala 80 ta 2020, ke nan a zahiri wasa araha yake ƙara yi kowace shekara, yayin da aikin da mutum ɗaya yake yi a da ya koma na ɗaruruwan mutane na tsawon shekara huɗu zuwa shida. Takardun kotu da suka fito a 2023 sun nuna Sony ya kashe kimanin dala miliyan 220 a kan The Last of Us Part II, da miliyan 212 a kan Horizon Forbidden West. Yawan masu saye ne ya riƙe manya: Grand Theft Auto V ya yi cinikin dala biliyan ɗaya cikin kwana uku a 2013. A shekarar kuma Tomb Raider ya sayar da kwafi miliyan 3.4 a wata guda, Square Enix ya ce bai kai abin da aka sa rai ba. Matsakaitan masu fitarwa, waɗanda ba su da ƙarfin wannan caca, su suka fara faɗuwa: Midway a 2009, THQ a ƙarshen 2012.

Waɗanda suka rage sun nemi kuɗi ta bayan kwali. A 2006 Bethesda ya sayar da sulken doki na cikin wasan Oblivion a dala 2.50, aka yi ta masa dariya, amma mutane suka saya. Faifai na hannu, wanda shaguna irin GameStop suke saye su sake sayarwa ba tare da mai fitarwa ya sami komai ba, ya sa Electronic Arts ya ƙirƙiro kuɗin shiga intanet na dala 10 ga mai faifan gwanjo a 2010, ya janye shi a 2013. Abin da ya ɗore shi ne sayar da ƙunshin sa'a, wanda mai saye bai san abin da ke ciki ba sai ya biya. Sashen Ultimate Team na wasannin motsa jiki irin FIFA ya kawo wa Electronic Arts dala biliyan 1.6 a shekarar kuɗi ta 2021. Bayan hayaniyar da ƙunshin sa'a ya jawo a wasan Star Wars Battlefront II a 2017, hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin wannan ciniki caca ce.

Intanet ta cire mai shago da faifai, ta kawo sabon mai karɓar la'ada. Steam na kamfanin Valve, wanda ya buɗe a 2003, yana ɗaukar kashi 30 cikin ɗari, kuma ga ƙaramin mai ƙirƙira da ya saba da ragowar ragowa, kashi 70 arziki ne. Tunda kwafin da aka sauke ba ya cin kuɗin bugawa, rangwame ya daina zama asara. Valve ya bayyana cewa da ya zabge rabin farashin Left 4 Dead a wani ƙarshen mako na 2009, ciniki ya ninka kusan sau talatin. Illar ta bayyana daga baya: masu saye suka koyi jiran lokacin rangwame, ga kuma cunkoso, domin a 2023 kaɗai wasa fiye da 14,000 ya fito a Steam, mafi yawansu ba su mayar da kuɗin aikinsu ba. Epic ya buɗe nasa shagon a 2018 da la'adar kashi 12, Valve kuma ya rage tasa zuwa 25 da 20, amma ga wasannin da suka haura cinikin dala miliyan 10 da miliyan 50 kawai.

A wayar hannu farashin ya gangara har ƙasa. App Store ya buɗe a 2008, Angry Birds ya fito a 2009 a kan santi 99, ba a jima ba santi 99 ma ya zama tsada. Tsarin ba da wasa kyauta a sayar da kayan ciki, wanda kamfanonin Koriya ta Kudu irin Nexon suka gwada tun farkon shekarun 2000, ya zama ƙa'ida. Kaso kaɗan na masu bugawa ne suke biya, wasu ƙalilan cikinsu su biya makudan kuɗi, shi ya sa ake gina wasan don ya riƙe mutum kullum, ba don ya kai shi ƙarshen labari ba. Nintendo ya gwada sayar da Super Mario Run a dala 9.99 a 2016. An sauke shi fiye da sau miliyan 200, amma kamfanin ya ce ribar ba ta gamsar ba.

Farashi ɗaya ba ya dacewa da kowace ƙasa. A Polan ta shekarun 1990, inda satar fasaha ta cika kasuwa, CD Projekt ya fassara Baldur's Gate da muryoyin fitattun 'yan wasan ƙasar, ya fitar da kwafi 18,000 a ranar farko a 1999. Steam ya daɗe yana sauƙaƙa wa ƙasashe masu raunin kuɗi, sai 'yan ƙasashen masu arziki suka riƙa sayayya da adireshin bogi, har a Nuwamba 2023 aka mayar da Turkiyya da Ajantina biya da dala. A Najeriya, mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a Yuli 2024 naira 70,000 ne, sabon wasa na dala 70 kuwa ya haura naira 100,000 a canjin lokacin. Wannan na cikin dalilan da suka sa matasan Kano da Kaduna suka fi sanin wasan ƙwallo a gidan gem, inda ake biyan kuɗin bugu ɗaya, ko kuma wasannin kyauta na waya.

Microsoft ya kawo biyan wata-wata da Game Pass a 2017, inda yake biyan mai ƙirƙira dunƙulen kuɗi tun kafin wasa ya fito. Ga ƙaramin kamfani wannan kwanciyar hankali ce, sai dai ya sayar da damar cin babbar riba, kuma makomarsa ta rataya ga shawarar mai dandali. Tango Gameworks ya fitar da Hi-Fi Rush a 2023, wasan ya sha yabo da kyaututtuka, amma Microsoft ya rufe kamfanin a Mayu 2024, daga baya Krafton na Koriya ya saye shi. Katangar dala 60 ta faɗi a 2020, lokacin da Take-Two ya sa wa NBA 2K21 na sababbin na'urori dala 70, Sony da sauran suka bi. Ƙarin dala 10 bai hana a sallami ma'aikata fiye da 10,000 a sana'ar a 2023 ba, na 2024 ma sun fi haka. A Yuni 2025 Nintendo ya fitar da Mario Kart World a dala 80. Microsoft ya sanar da irin wannan farashi ga The Outer Worlds 2, masu saye suka yi ca, ya mayar da shi dala 70 kafin wasan ya shiga kasuwa.